Rigar Lamba Goma Sha Huɗu

A gidanmu na sistoci, wato matan coci masu zaman ibada ba aure, tufafi ba su da suna, lamba gare su. Ranar da yarinya ta shigo za a ba ta lambarta, a ɗinka da jan zare a cikin wuyan kowace riga, da gefen lulluɓi, da tawul, har da zanen gado. In an yi wanki an zube kaya a kan babban tebur, da lambar nan ake rabawa. Ni ce talatin da ɗaya. Kuma ni ce mai ɗinka lambobin, don tun makon da na shiga aka gane hannuna ya san allura, aka tura ni ɗakin ɗinki, can ƙarshen baranda kusa da tankin ruwa. Shi ya sa har yau, da tsufana da komai, in na tuna wata daga cikin matan gidan nan, lambarta ke riga fuskarta zuwa. Wadda zan ba da labarinta ita ce goma sha huɗu.

A Kurmin Mashi na tashi. Babana akawu ne a ma'aikatar ayyuka, mutumin kudancin Zariya, ɗan Katolika irin wanda ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa coci. Gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da wani tela Bakano da iyalinsa. Su Musulmi, mu Kirista, amma rijiya ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kuma in matarsa ta turara dambu ba ma ɗora tukunya ran nan. A zaure yake ɗinki. Ni kuwa na fi son zauren nan da madafi, kullum ina tsaye a kansa ina kallo, har ya gaji da korata ya ce, "Tunda kin ƙi tafiya, zo ki riƙe mini bakin yadin nan." Da haka na koya. Abin da ya fi dagewa a kai shi ne in na auna mutum sau ɗaya, in riƙe jikinsa a kaina, kada in zama irin telolin da ke sake tambaya kowane zuwa. Na riƙe kuwa, ban san abin da zai jawo mini ba.

Shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, ina ajin ƙarshe a makarantar 'yan mata. Wata Lahadi bayan an tashi daga Mas, wato babbar sujadarmu, Fada, limamin cocin, ya ce 'yan mata su tsaya, akwai baƙuwa. Mu dai sistocin da muka sani Turawa ne, tsofaffi, rana ta gasa su sun yi jawur, in suna Hausa kamar ana tauna tsakuwa a tuwo. Sai ga wata baƙa kamarmu, doguwa, ta faka ƙaramin babur a gindin dalbejiya, ta kakkaɓe farar rigarta, ta shigo tana dariya. Da ta buɗe baki, Hausar Zazzau ce tsantsa.

"Na ga kuna kallon ƙofa," ta ce. "Ku kwantar da hankalinku, samarin naku ba za su gudu ba, ba su da inda za su."

Muka fashe da dariya. Daga nan ta kama mu. Ta yi mana maganar kira, wato yadda Allah ke jan mace ta bar aure da haihuwa ta ba shi ranta gaba ɗaya. Ta ce kada mu jira wata murya daga sama, ita tana tankaɗen garin dawa abin ya same ta. Ta ce kira kamar ƙaiƙayi ne a tsakiyar baya, inda hannu ba ya kaiwa, ka yi ta juyi ba ka samun sukuni. Kai! Ni da na yi shekara biyu ina fama da abin da ban san sunansa ba, in an fita daga coci ba na son fita, in ƙawayena suna hirar kayan ɗaki in ji kamar da wani yare suke. Sai ga mace ta zo a kan babur ta faɗi sunan ciwona a gaban jama'a. Da aka watse na tsaya ina wasa da bakin ɗankwalina. Ta dube ni ta ce, "Ke kuma, ƙanwata, yaushe ya fara yi miki ƙaiƙayi?"

Tun ranar nake ce mata Yaya Sista. Duk Asabar tana tara mu a ajin katikisma, inda ake koyar da addini, mu bakwai, muka koma biyar, muka koma biyu, ƙarshe ni kaɗai. Ba ta taɓa ɓoye mini wahalar abin ba, wannan kam zan shaide ta. Ta gaya mini akwai tashin asuba, akwai shiru, akwai yi wa wadda ba ta kai ki hankali ba biyayya. Amma in ta faɗa tana murmushi, sai in ji ni ma zan iya.

Da na gaya wa Baba, bai yi faɗa ba. Abin da ya fi faɗa ciwo ya yi: ya ci gaba da goge takalminsa kamar ba da shi nake ba. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma takardar shiga kwalejin horon malamai ta riga ta zo, tana ajiye a ƙasan akwatinsa, yana ɗauko ta yana nuna wa baƙi. Mama ta yi kwana biyu tana kuka. Matar tela ta kama haɓa ta ce, "Mace ba aure har ta mutu? Da ranta da lafiyarta? Ke 'yar nan, wa ya hure miki kunne?" Shi kuwa Baba tela cewa ya yi a bar ni, tsakanina da Ubangijina ne, shi dai hannun ɗinkin yake jin takaicin a rasa.

Sau uku Yaya Sista na zuwa gidanmu. A na ukun, da yamma bayan Baba ya dawo daga ofis, ta durƙusa a tsakar gida, da farar rigarta, a kan ƙasar da kaji ke yawo. Baba ya yi ta cewa ta tashi, ta ƙi.

Ya ce, "Sista, ni ba Allah nake zargi ba. Mutane nake tsoro. Yarinyar nan ba ta ga Allah ba tukuna, ke ta gani. In ta ajiye karatu ta bi ki, ta wayi gari ba ki nan fa?"

Ta ce, "Baba, ina zan je? Na yi alkawari a gaban bagaden coci. Ka ba ni amanarta. Ranar da za ta yi nata alkawarin, ni zan tsaya a bayanta in ɗaura mata lulluɓi da hannuna."

Sai Baba ya ɗaga murya ya kira tela daga zaure. "Malam, zo ka shaida." Baba tela ya shigo da tef ɗin awo a wuya. Baba ya kama hannuna ya sa a nata ya ce, "Ga amana." Tela ya ce, "Na shaida. Allah ya ba ki ikon riƙewa." Ta ce amin, da ƙarfi, kowa ya ji. Takardar kwaleji kuwa ban sake ganinta ba.

Gidan sistocin yana kan hanyar Zariya kafin a kai Rigachikun, cikin wani fili mai bishiyoyin goba da mangwaro. Shekara uku na yi ina koyo. Duk abin da ta faɗa na tarar, har da ƙari. Shugabar gidan, wadda muke ce wa Uwa Babba, Baturiya ce siririya, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ni kuwa bakina ba ya shiru, zuciyata a kusa take, sau nawa aka sa ni durƙuso a ɗakin cin abinci don na mayar da magana. Akwai kuma doka: ba a ƙawance na musamman. Mutum biyu ba sa keɓewa, in za a yi hira sai uku. To ni da na biyo mace ɗaya zuwa gidan nan, sai ga shi a mako ba ma yin magana ta minti biyar. Amma tana da hanyarta. Wani lokaci in na dawo daga addu'ar rana sai in tarar da goba ɗaya a kan keken ɗinki, nunanna, an goge ta. Ba takarda, ba komai. In na gan ta, sai in iya haɗiye duk abin da aka yi mini ranar.

A ɗakin ɗinki akwai littafin awo, kowace lamba da shafinta. Ni ban cika buɗe shi ba, don jikunan suna kaina. Lamba uku gajeriya ce mai faɗin ƙugu. Lamba tara wuyanta siriri. Goma sha huɗu kuwa, wato Yaya Sista, hannayenta dogaye ne fiye da kima, kuma kafaɗarta ta hagu ta sauka da inci ɗaya, tun faɗuwar da ta yi da babur wata damina a hanyar Rigachikun. In ba a rage gefen hagu ba, rigar karkacewa take, bakin ya share ƙasa ta gefe ɗaya. Ni na gano haka, ni na fara yanka mata riga da kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ranar da ta sa, ta tsaya a baranda ta juya ta ce tun da ta faɗi ba ta sa rigar da ta zauna mata haka ba. Na yi kwanaki ina jin daɗin maganar nan.

Saura mako uku in yi alkawarin farko, Uwa Babba ta shigo ɗakin ɗinki da ƙunshi a hammata. Ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba ba. Atamfa ce koriya mai zanen masara, turmi guda. Ta miƙo mini wata 'yar takarda ta ce in ɗinka riga da zane biyu da ɗankwali, na wata mata ce mai bukata, kuma kada in bar su a fili. Wannan ba sabon abu ba ne, muna yi wa matan da gobara ta ci kayansu ɗinki, da waɗanda suka fito daga asibiti. Na ce to. Ta fita.

Na duba takardar. Tsawon hannu. Ƙirji. Ƙugu. Sai a ƙasa, da rubutun Uwa Babba ƙanana: kafaɗar hagu, a rage inci ɗaya.

Na zauna a kan kujerar keke. Na ɗauko littafin awo, ni da ba na bukatarsa, na buɗe shafi na goma sha huɗu, na ɗora takardar a gefe. Ko inci ɗaya bai bambanta ba. Daga littafina ma aka kwafa. Haba! A ce a kwashi awo daga littafin tela, a kawo wa telan, a ce masa na baƙuwa ne? Uwa Babba ba ta taɓa riƙe almakashi ba, a wurinta lissafi ne kawai a takarda. Ba ta san mace ta miƙo mini gaba ɗayanta ba. Kuma sista ba ta sa atamfa, sai in za ta fita daga gidan ba dawowa.

Kwana biyu ina neman hanyar ganinta. A na ukun na same ta a wurin shanya ita kaɗai, tana matse tawul. Na karya doka na je.

Na ce, "Yaya, saura kwana goma sha tara."

Ta ce, "Ina ƙirgawa, ƙanwata."

"Ke za ki ɗaura mini lulluɓin?"

Ta tsaya da matsar. Ta dube ni ido cikin ido, ba ta ko ƙifta ba. Ta yi wannan murmushin nata ta ce, "Ina zan je in bar ki? Koma bakin aikinki kafin a gan mu."

Kuma na yarda. Wannan ne abin da har yau yake ba ni haushin kaina. Ga awo a hannuna, ga littafi, ga idona, amma na zaɓi bakinta. Na ce wa kaina ai mata masu saukakkiyar kafaɗa suna da yawa a Kaduna, masu ɗaukar ruwa da itace. Na koma na yanka atamfar. Na yi mata ɗinkin da ban taɓa yi wa kowa ba, na daidaita zanen masarar a gaba da baya, na ninka kalmasa sau biyu, na bi bakin zanen da hannu don kada ya tsefe. Ina ɗinki ina cewa a raina, kowace ce ke, baiwar Allah, ki sa da lafiya. Washegarin ranar da na miƙa kayan, na tarar da goba a kan keke, na cinye ta har 'ya'yan.

Ranar Laraba ce. Muka shiga ɗakin sujada da ƙarfe shida don Mas, kowa a wurin durƙusonta. Nata yana layi na biyu ta hagu, ina iya hango bayanta daga inda nake. Babu kowa. Na ce ko zazzaɓi ne. Fada ya yi karatu, ya yi wa'azi gajere. Daidai lokacin da ya ɗaga gurasa aka kaɗa ƙaramar ƙararrawa, kowa ya sunkuyar da kai, sai na ji ƙarar ƙyauren ƙofar baya, na ji an rufe murfin mota, na ji motar ta tashi a hankali. Ban ɗaga kai ba. Ban san yadda na yi na je na karɓi gurasar Jibin Ubangiji ba.

Haka ake yi a wancan zamanin. In sista za ta fita, sai a bari kowa na cikin sujada, a fitar da ita ta baya. Ba sallama, ba bankwana, kuma daga ranar ba a sake ambatarta. Da muka je karin kumallo an riga an ɗauke kofinta, an matso da kujeru, ta goma sha biyar ta zauna kusa da ta goma sha uku kamar tun fil azal haka suke. Uwa Babba ta ce mu yi addu'a domin wata bukata ta musamman. Shi ke nan. Aka zuba koko, aka ci gaba da shiru, cokula suna ƙara.

Da hantsi aka ajiye mini kwando a bakin ɗakin ɗinki. Fararen riguna uku, lulluɓi, tawul, zanen gado. Aikina ne in farke lambar. Na zauna da reza ina tsinke jan zaren da ni na ɗinka da hannuna, ɗaya da huɗu, ɗaya da huɗu. Ban gama ba Uwa Babba ta shigo. Ta ɗaga rigar da ta fi sabunta, ta kara a jikina daga nesa, ta ce tsawonmu ya yi kusa, ba sai an yanka sabon yadi ba, in rage hannun in sa lambata, ita zan sa ranar alkawari. Ba mugunta ba ce, ƙa'idar talauci ce, ba a zubar da riga mai kyau. Amma ranar na manta da biyayya.

Na ce, "Uwa, kun sa na ɗinka mata kayan tafiya da hannuna, ba ku gaya mini ba. Yanzu kuma in sa rigarta?"

Ta dube ni. Na ga idonta ya yi ja. Ta ce, "'Yata, ban san za ki gane ba." Sannan ta ce, "Rigar ba ta kowa ba ce." Ta fita.

Labari ya riga ni isa Kurmin Mashi. Ashe aure ne ya fitar da ita, wani malamin makaranta ne da ke zaune a Doka, kuma ashe kusan shekara guda ke nan da ta rubuta neman a sallame ta, tana jiran amsa. Shekara guda! Duk gobar nan da nake ci, duk Asabar ɗin da take hawa babur tana zuwa ta tara 'ya'yan mutane tana yi musu maganar ƙaiƙayi, takardarta tana hanya. Ba auren ne ya ƙona mini rai ba, Allah ya sani. Aure ba zunubi ba ne, uwata ma shi ta yi. Da ta ja ni gefe ta ce, ƙanwata, na kasa, da na yi kuka na rungume ta. Amma ta dube ni a wurin shanya ta ce ina zan je.

Lahadin ziyara Baba ya zo a kan kekensa, tun daga Kurmin Mashi, da zufa har cikin kwalar riga. Aka ba mu benci a gindin mangwaro. Bai ko amsa gaisuwata sosai ba.

Ya ce, "Ina mai amanata?"

Bai jira amsata ba.

Ya ce, "Malam tela ya ce in gaya miki shi ya sauke shaidarsa, keken zaure kuma yana nan. Na yi magana da wani a ma'aikatar ilimi, za a iya sake duba maganar kwaleji. Ba wanda zai yi miki dariya, wanda ya yi ni zai tarar. Ɗauko akwatinki."

Allah Sarki, Baba. Bai ce na gaya miki ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Na dubi hannuna, wanda ya kama ya sa a nata. Tambayar da ya yi mata a tsakar gida ita ce ta dawo kaina. Shin Allah na biyo ko mace mai babur? In ita ce, to ta tafi, me nake jira? Na lalubi bayana in ji ko ƙaiƙayin yana nan, na rasa gane komai sai zafi.

Na ce, "Baba, ba ita ta kira ni ba."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Ban tabbata ba. Amma in na bi ka yau, ba zan taɓa sani ba."

Ya cire hularsa ya share goshi. Ya ce taurin kan nan na gidansu ne, ba shi da wanda zai zarga. Ya hau kekensa. Na tsaya ina kallonsa har ya fita ƙofa, bai waiwayo ba. Zan faɗi gaskiya tunda tsufa ya zo: ranar nan rabin abin da ya tsayar da ni haushi ne, ba tsarki ba. Na ce sai na nuna mata ana iya tsayawa.

Na rage hannun rigar, na ɗinka uku da ɗaya a wuya, a kan ramukan allurar da ɗaya da huɗu suka bari. Kafaɗar kuwa na kasa taɓawa. Sau biyu ina ɗaukar reza ina ajiyewa. Haka na sa ta ranar alkawari, tana ɗan ja na ta hagu. Da lokacin ɗaura lulluɓi ya yi, wata tsohuwar sista Baturiya mai rawar hannu ce ta tsaya a bayana, ta soke ni da fil a kunne, ta ce sannu da Hausarta ta tsakuwa. Baba da Mama suna layin gaba. Da aka fito na hangi Baba tela da matarsa a bakin ƙofar waje, ba su shiga ba amma sun zo, ta riƙo mini kwanon dambu.

Bayan kamar shekara biyu aka aike ni babbar kasuwa sayen farin yadi. Ina cikin layin 'yan yadi, cunkoso, sai idona ya sauka a kan goyon wata mata da ke gabana. Koren zane ne mai masara, ya koɗe. Ban dubi matar ba, kalmasar na duba. Ninki biyu, an bi bakin da hannu. Ɗinkina ne, an goya yarinya da shi, tana barci da baki buɗe.

Ta juyo. Ta yi ƙiba kaɗan, ta yi kyau, abin da ya ƙara ba ni haushi. Sai ta rusuna kamar yadda matan coci ke yi mana ta ce, "Sannu, Sista."

Na ce, "Sannu."

Ta ce, "Na so in gaya miki. An hana ni, kin san dokar."

Na ce, "Na sani. An hana ki faɗa. Ba a sa ki ki yi mini ƙarya ba."

Ta sunkuyar da kai. Mai yadi yana ta kiran mu, Hajiya ku zo ga mai kyau, bai san me ake ciki ba. Ta ce ta ji tsoro ne, in ta faɗa zan biyo ta, kuma ta yi wa Baba alkawarin zan tsaya. Tabɗi! Wato ƙaryar ma don ni aka yi ta. Na buɗe baki zan wanke ta tas, ga maganganun da na yi shekara biyu ina wasawa, sai na ga ba fuskata take kallo ba. Kafaɗata take kallo.

Ta ce a hankali, "Ba ki gyara ba."

Na ce, "Ban gyara ba."

Ta ɗago hannu kamar za ta daidaita mini lulluɓi, don ya ɗan zame a cikin turmutsitsin. Na ja baya. Hannun ya tsaya a iska, sannan ta mayar da shi ta tallabi goyonta. Na wuce, ban sayi yadin ba, sai da aka sake aiko ni washegari.

Daga baya, da shekaru suka ja, ni aka ɗora wa aikin da take yi. Ni ke yawo coci coci ina tsayar da 'yan mata bayan Mas, ina yi musu maganar kira. Na sami amsar tambayar Baba, ba rana ɗaya ba, a hankali, har ya rasu yana ce mini Sista da girmamawa. Maganar ƙaiƙayin ma ina faɗa musu, don gaskiya ce, ko daga bakin wa ta fito. Na yafe wa Yaya Sista a wurin furta zunubi sau da yawa, har wani Fada ya taɓa tambayata ko ba ita ce ta bara ba. Na ce ita ce.

Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba. Iyaye da yawa, in sun gaji sun yarda, sukan kamo hannun 'yarsu su miƙo mini su ce ga amana. Ni kuwa sai in tura hannayena cikin hannun rigata. Wasu suna ganin girman kai ne, wata uwa ma ta taɓa zagina a kan haka. Nakan ce musu su miƙa wa wanda ya kira ta, ni tela ce kawai.